Abin da jiki ke nema a kwanon abinci bayan ƙoshi

Ciki ba ya tantance abin da aka zuba masa. Da zarar ya cika sai yunwa ta kwanta, ko da garin kwaki ne aka jiƙa da sukari. Shi ya sa za ka ga gidan da ake ɗora tukunya sau uku a rana, ba wanda ke kwana da yunwa, amma uwargida na fama da jiri da haki in ta ɗan yi shara, yaron goye kuma ya ƙi tsawo, yau zawo gobe mura. Masana abinci na kiran wannan ɓoyayyiyar yunwa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini, a cikin yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuwa kashi 68 ne. Talauci na da hannu babba a ciki, wannan ba abin musu ba ne. Amma akwai kaso mai yawa da ke fitowa daga yadda ake haɗa abincin da yadda ake dafa shi, kuma wannan kason yana hannun mai girki da mai cefane.

Akwai sinadarai kusan 40 da dole jiki ya samu daga waje domin ba ya iya ƙera su da kansa, ko ba ya ƙera abin da zai ishe shi: ruwa, tubalan furotin guda 9, nau'in maiƙo guda 2, bitamin 13, da ma'adinai wajen 15. Wasu ana buƙatarsu da giram ɗari-ɗari, wasu kuwa abin da ake buƙata a rana bai kai ƙwayar gero ba. Ƙanƙantar adadin ba ta rage musu muhimmanci.

Hatsi da abin da surfe ke kwashewa

Ƙarfin da jiki ke aiki da shi ana auna shi da kalori. Giram ɗaya na sitaci ko sukari na ba da kalori 4, furotin ma 4, mai kuwa 9. Baligi na buƙatar tsakanin 2,000 zuwa 2,500 a rana, manomi a lokacin huɗa ko mai dako ya fi haka nesa. Gero, dawa, masara, shinkafa, acha, alkama, doya, rogo da dankali su ke ɗauke da mafi yawan wannan nauyi, kuma a nan abincinmu ba shi da giɓi. Matsalar ita ce yadda tuwo ke cinye kusan duka kwanon, miya ta zama abin dangwale kawai.

Ƙwayar hatsi na da sassa uku: dusar da ke lulluɓe da ita, ɗan ƙwayar da ke tsirowa, da farin garin da ke ciki. Farin garin kusan sitaci ne zalla. Yawancin bitamin rukunin B, da ayon (sinadarin ƙarfe mai gina jini), da zink (ma'adini mai taimaka wa girma da garkuwar jiki), da abin da likitoci ke kira faiba, wato ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa amma yake sauƙaƙa bayan gida yana rage saurin hawan suga a jini, duk suna cikin dusa da ƙwayar tsiron. Idan aka surfa masara tas, aka wanke, aka niƙa, aka tankaɗe don tuwo ya fito fari sol, awaki ne suka samu rabo mafi tsoka. Ba sai an bar surfe gaba ɗaya ba, amma surfe sama-sama ya fi, kuma garin gero ko dawa da aka niƙa da dusarsa ya fi farin garin masara amfani. Haka shinkafar da aka turara da ƙaiƙayinta kafin a cashe ta ta fi farar da aka goge, domin tururin na tura bitamin B1 daga bayan ƙwayar zuwa cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu faiba aƙalla giram 25 a rana.

Masara na da wani rauni na daban. Bitamin B3 da ke cikinta a ɗaure yake, hanji ba ya iya cire shi. Inda mutane suka dogara da masara kusan ita kaɗai, akan ga wata cuta da fata ke baƙi tana saɓa a wuraren da rana ke duka, ga zawo, daga baya hankali ya rikice. Ta yi ɓarna sosai a jihohin kudu na ƙasar Amurka a farkon ƙarni na 20 kafin likita Joseph Goldberger, wanda ya fara bincike a kanta a 1914, ya nuna daga abinci take. Mutanen Meziko da suka fara noman masara ba su sha wannan wahala ba saboda suna dafa ta da ruwan farar ƙasa ko toka kafin niƙa, abin da ke kwance bitamin ɗin. A wurinmu gyaɗa ce ke toshe wannan giɓin, domin tana da B3 mai yawa.

Sukari kuwa ƙarfi ne tsura, ba ya tafe da komai. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce ƙasa da kashi 10 cikin 100 na kalorin rana, wato wajen giram 50 ko ƙaramin cokali 12, kuma ta ce rabin haka ya fi. Robar lemun kwalba mai santilita 50 ita kaɗai kan cinye wannan kason duka, kafin a zo kan shayi da koko da zoɓo.

Furotin: yawa daban, cika daban

Da furotin ake gina tsoka, jini, fata, garkuwar jiki da sinadaran narkar da abinci. Baligi na buƙatar wajen giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 60 na neman kusan giram 50 a rana. Mai juna biyu, mai shayarwa, yaro mai tasowa da wanda ya tashi daga jinya buƙatarsu ta fi haka idan aka kwatanta da nauyinsu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne hatsi ma na da furotin. Giram 100 na gero na da wajen giram 11, masara 9, shinkafa 7. Wanda ya ci tuwo da fura na garin gero giram 300 a yini ya samu fiye da giram 30. To ina matsalar? Furotin haɗi ne na tubala iri 20, guda 9 daga ciki dole su zo daga abinci, kuma jiki na buƙatarsu tare. Hatsi na da ƙarancin ɗaya daga cikinsu mai suna laisin. Lamarin kamar magini ne mai bulo dubu da buhun siminti ɗaya: inda siminti ya ƙare nan gini zai tsaya, sauran bulon sai dai a yi wani abu da shi. Jiki kan ƙone ragowar furotin ɗin ya mai da shi ƙarfi kawai. Wake da waken soya da gurjiya suna da laisin mai yawa, abin da suka gaza a kai kuma hatsi na da shi. Shi ya sa shinkafa da wake, koko da ƙosai, kunu da alale, fura da nono suka zama haɗi mai ma'ana ƙwarai. Ma'auni mai sauƙi shi ne kashi uku na hatsi, kashi ɗaya na wake, kuma ba dole sai a kwano ɗaya ba, in dai an ci su a yini guda.

Ɗanyen wake na da furotin wajen giram 23 a cikin 100, wato waken da ya cika gwangwanin madara ɗaya na da kusan giram 30 ke nan. Gyaɗa na da 25, waken soya 36, ƙuli-ƙuli ya fi gyaɗa tunda an matse mai. Sai dai gyaɗa ba ta kai wake yawan laisin ba, saboda haka ba ta cike giɓin hatsi kamar yadda wake da awara ke yi. Ƙwai ɗaya na da giram 6 na furotin cikakke. Busasshen kifi da fara fiye da rabin nauyinsu furotin ne. Wanda ke cikin haɗari sosai shi ne mai dogaro da rogo: garin kwaki giram 100 da ƙyar yake ba da giram ɗaya zuwa biyu. Idan tsadar hatsi ta tura gida zuwa garin kwaki da alabo, to lallai ƙuli-ƙuli ko wake ko kifi su biyo baya.

Waken soya na buƙatar wuta sosai. Ɗanyensa na da wani sinadari da ke hana hanji narkar da furotin, yana kuma sa kumburin ciki. A soya shi a kasko har ya yi ƙamshi ya sauya launi, ko a tafasa shi sosai, kafin a niƙa a zuba a kunun yara. Gyaɗa da masara kuma a kula da ajiyarsu. Wadda ta sha danshi ta yi fumfuna na iya ɗaukar gubar afalatoksin, mai lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ƙwayar da ta yamutse, ta sauya launi ko take ɗaci a tsince a zubar. Kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli ko tunkuza da ita don gudun asara.

Mai

Jiki na buƙatar mai don bitamin A, D, E da K su shiga jini, domin a cikin mai suke narkewa. Akwai kuma nau'i biyu da ba ya iya ƙerawa, omega 3 da omega 6. Na biyun na nan a man gyaɗa da riɗi da man waken soya. Na farkon ya fi samuwa a kifi mai maiƙo irin su titus da sadin, kuma yana da muhimmanci ga ƙwaƙwalwa da idon jariri tun yana ciki. Iyakar mai a rana ita ce kashi 30 cikin 100 na kalori, wajen giram 65 ga mai cin kalori 2,000, har da wanda ke ɓoye a nama da gyaɗa da madara. Babban cokali ɗaya na mai giram 14 ne, kalori 120.

Manja abu ne mai daraja saboda jan launin nan nasa shi ne sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Idan aka ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koɗe, an ƙone abin da ya sa ya fi sauran mai, an bar kitsen kawai, kuma kusan rabin manja kitse ne mai daskarewa. A narkar da shi a wuta kaɗan, a zuba albasa tun yana ja. Man suya da ake maimaitawa har ya yi baƙi yana kumfa shi ma a rabu da shi.

Ƙarancin jini da sinadarin ayon

Nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin nan ciwon ya fi yawa. Da ayon ake yin jan sinadarin da ke ɗaukar iska daga huhu zuwa sassan jiki. Namiji baligi na buƙatar miligiram 8 a rana, mace mai al'ada 18, mai juna biyu 27. Idan ya yi ƙaranci sai kasala, jiri, bugun zuciya, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari, wani lokaci har da kwaɗayin cin ƙasa ko ƙanƙara. Mai cikin da jininta ya yi ƙasa ba ta jure zubar jinin haihuwa kamar mai cikakken jini, yaron da ya taso da shi kuma karatu kan yi masa nauyi.

Ayon iri biyu ne. Na jikin dabba, wato hanta, ƙoda, saifa, jan nama da kifi, jiki na tsotsar kashi 15 zuwa 35 cikin 100 na abin da aka ci. Na tsirrai, wato wake, gero, daddawa, zogale, alayyahu da sauran ganye, abin da ke shiga jini na iya zama kashi 2 kacal ko ya kai 20, ya danganta da abin da aka haɗa shi da shi. Wannan tazarar ce mai girki ke da iko a kanta.

Abu uku ke hana shi shiga. Na farko wani sinadari ne a hatsi da wake da ke ɗaure ayon da zink a cikin hanji. Jiƙa hatsi ko wake ya kwana, barin ƙullu ya yi tsami kamar na koko da waina, da barin hatsi ya fara tsiro kafin a shanya a niƙa, duk suna karya shi. Na biyu shayi da kofi: abin da ke ba ganyen shayi ɗacin nan na iya rage shigar ayon da fiye da rabi idan aka sha tare da abinci, don haka a ba da tazarar awa ɗaya zuwa biyu. Na uku kalsiyam, wato sinadarin gina ƙashi da ke da yawa a madara, idan aka sha shi da yawa a lokaci guda, shi ya sa ba a haɗiye ƙwayar ƙarin jini da madara. Abin da ke taimakawa kuwa shi ne bitamin C da ɗan nama ko kifi a cikin abincin. Lemun tsami da aka matsa a kwaɗon zogale ko rama, ɗanyen tumatir da tattasai a kan ɗan wake, gwaiba ko lemun zaƙi bayan shinkafa da wake, kowannensu na iya ninka abin da jiki zai samu.

Akwai wata al'ada da ta bazu ta haɗa lemun malt da madarar gwangwani a ba mai jego ko mara lafiya wai don ƙarin jini. Abin da ke ciki sukari ne da ɗan furotin, ayon ɗin ba wani abin kirki ba ne. Kuɗin da aka kashe a kai da hanta aka saya da shi, ko ƙwai da wake, da ya fi amfani. Sannan ba kowane ƙarancin jini ne na abinci ba. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tsargiya, yawan zubar jinin al'ada da sikila duk suna kawo shi. Mai sikila musamman kada ya sha ƙwayar ayon sai likita ya auna ya ce ya sha, domin wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ayon kan taru masa har ya cutar da hanta da zuciya.

Mai juna biyu abinci kaɗai ba ya cika mata buƙata. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ta sha ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid, wani bitamin na rukunin B, maikurogiram 400 kullum (maikurogiram 1,000 ne miligiram ɗaya), su ne ƙwayoyin da ake bayarwa a wurin awo. Bayan gida kan yi baƙi, wannan ba illa ba ce. In tana sa tashin zuciya a sha da dare bayan abinci maimakon a daina. Folik asid na da wani sharaɗi na lokaci: ana buƙatarsa don lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa su rufe daidai, kuma suna rufewa ne cikin kwana 28 na farkon shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da shi ba. Wadda ta fara awo a wata na biyar ta riga ta wuce wannan gaɓar. Saboda haka matar da ke sa ran ɗaukar ciki ta fara sha tun kafin, ta kuma yawaita wake, gyaɗa da ganye. Bitamin B12 ma na cikin masu haɗa jini da kare jijiyoyi, ana buƙatar maikurogiram 2.4 a rana, kuma daga nama, kifi, ƙwai da nono kawai ake samunsa.

Ido, wuya da ƙashi

Alamar farko ta ƙarancin bitamin A ita ce dundumi, yaro ko mai ciki su kasa gani da zarar magariba ta yi. In ya yi tsanani ido ya bushe har ya mutu, kuma tun kafin nan garkuwar jiki ta raunana, ƙyanda da zawo su fi yin kisa. Ana samunsa kai tsaye a hanta, gwaiduwar ƙwai da man shanu, sannan a kabewa, karas, mangwaro, gwanda, dankalin Hausa mai jan ciki, manja da ganye masu duhun kore. Miyar taushe, mai kabewa da alayyahu da gyaɗa, ta haɗa bitamin ɗin da man da zai shigar da shi. Ganyen kuka da zogale da ake busarwa a shanya su a inuwa mai iska, domin rana na cinye wannan sinadari. Tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a sukari, man girki da fulawa da ake sarrafawa a masana'antun Najeriya, ana gane su da tambarin ido a jikin leda ko galan. Yara kuma ana ɗiga musu shi a baki duk wata 4 zuwa 6: shuɗin ƙwanso ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga 'yan wata 12 zuwa 59. Mai juna biyu kada ta yawaita hanta, ɗan yanki sau ɗaya a mako ya isa, domin bitamin A mai yawa na iya cutar da ɗan tayi.

Aidin, sinadarin da ake ƙarawa a gishiri, maikurogiram 150 ake buƙata a rana, mai ciki 250. Rashinsa ne ke kawo maƙoƙo, amma ɓarnar da ta fi wannan ba a ganinta a wuya: ƙwaƙwalwar jariri ce ba ta ginuwa yadda ya kamata. Ƙasar da ke nesa da teku amfanin gonarta kan yi ƙarancin aidin, shi ya sa Najeriya ta wajabta sa shi a gishiri tun 1993. Yana gudu idan gishiri ya sha danshi, rana ko zafi, don haka a saya na cikin leda a rufe, a ajiye a mazubi mai murfi nesa da murhu. Rogon da ba a jiƙa aka sarrafa da kyau ba na ƙara tsananta matsalar.

Gishirin kansa kuwa kada ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya a shafe, har da wanda ke cikin burodi, taliyar leda, kilishi da yajin tsire. Kusan rabin nauyin dunƙulen magi gishiri ne. Tukunyar da aka jefa wa dunƙule shida sannan aka bi da gishiri ta wuce ƙima, kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki daga nan suke samun ƙofa. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da garin busasshen kifi na ba da ɗanɗanon da zai sa a rage dunƙulen, ga kuma furotin da ma'adinai da suke ƙarawa.

Baligi na buƙatar kalsiyam wajen miligiram 1,000 a rana. Kofi ɗaya na nono ko kindirmo na ba da kusan 300. Sauran hanyoyin su ne ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, riɗi, garin kuka da zogale. Ana yawan ɗauka cewa lanƙwashewar ƙafar yara daga rashin bitamin D ne kawai, amma binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna yaran da ke da wannan matsala a can ƙarancin kalsiyam ne ya fi damunsu, domin abin da suke samu a rana wajen miligiram 200 ne, kuma ba su kalsiyam ya gyara ƙashin. Yaron da aka yaye aka ɗora a kan koko da tuwon masara ba nono ba kifi shi ne ke cikin wannan haɗari. Bitamin D fata ce ke yin sa idan rana ta taɓa ta. Matan da ba su cika fita ba da tsofaffi su riƙa shan hantsi a tsakar gida, hannu da ƙafa a buɗe, na ɗan lokaci a yawancin ranaku.

Zink na gyara garkuwar jiki da girma da warkewar rauni, yana nan a nama, kifi, wake da riɗi. Yaro mai gudawa ana ba shi miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari, ɗan ƙasa da wata shida miligiram 10, kuma a cika kwanakin ko da zawon ya tsaya.

Abin da ke salwanta a tukunya

Bitamin C da rukunin B a ruwa suke narkewa, jiki ba ya ajiye yawancinsu, wuta kuma na lalata su. Ganyen da aka yanka sannan aka wanke, aka tafasa ya daɗe, aka matse aka zubar da ruwan, ya rasa mafi yawansu. A wanke ganye kafin a yanka, a zuba shi a ƙarshen girki, minti biyar zuwa goma a rufe. In ganye ne mai ɗaci da dole a zubar da ruwansa, a taƙaita tafasar. Kanwa na sa wake saurin nuna, tana sa kuɓewa yauƙi, amma tana kashe bitamin B1 da C. Waken da aka jiƙa ya kwana ba ya buƙatarta, in kuma za a sa to ɗan kaɗan. Miyar da ake ɗumamawa sau uku ma ba ta da sauran bitamin C, shi ya sa ake son wani abu ɗanye kullum. Gwaiba ta ninka lemun zaƙi wajen sau huɗu a bitamin C, garin 'ya'yan kuka ma na da shi sosai. Abin da ake so a rana shi ne giram 400 na ganye, kayan lambu da 'ya'yan itace, wato kamar cikin tafin hannu biyar, ban da dankali da rogo da doya. Wanda ke kakarsa ya fi araha kuma ya wadatar.

Ruwa kusan kashi 60 cikin 100 ne na nauyin baligi. Lita biyu zuwa uku a rana, fiye da haka a bazara ko ga mai aikin ƙarfi. Fitsari mai duhu alama ce ta a ƙara.

Kwanon yaro

Daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu kwana 1,000 ne, kuma tsumburewar da ta faru a wannan tsakanin da wuya a gyara ta daga baya. Wata shida na farko nonon uwa zalla ya isa, ko ruwa ba a buƙata ko da a zafin Afrilu, domin kusan kashi 87 cikin 100 na nonon ruwa ne. Daga wata shida ayon da jariri ya zo da shi daga ciki ya fara ƙarewa, nono kaɗai ba ya isa, sai a fara ƙarin abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne koko tsararo. Cikin ɗan wata takwas bai fi ɗaukar kofi ɗaya ba, in aka cika shi da ruwa-ruwan kamu an toshe wurin abinci. Kunun yaro ya yi kaurin da zai tsaya a cokali ba ya zuba. A haɗa garin da gwangwani uku na gero ko dawa, ɗaya na soyayyen waken soya, ɗaya na soyayyar gyaɗa, in ya nuna a zuba ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa da garin busasshen kifi ko na zogale. Ƙwai dafaffe, dakakkiyar hanta, wake da aka murje, kabewa, ayaba da gwanda duk ɗan wata shida zai iya ci. Maganar cewa ƙwai na sa yaro sata ko hana shi magana ba ta da tushe, kuma tana hana shi ɗaya daga cikin abinci mafi amfani da araha. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 zuwa 23 sau 3 zuwa 4 da ɗan abin taɓawa a tsakani. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, domin a kwanon taro manyan yara ke cinye miya da nama kafin ya kai loma uku. Haka uwa mai ciki ko mai shayarwa bai kamata ta zama ta ƙarshe a rabon nama ba, tunda buƙatar mai ciki ta ayon ta ninka ta maigida fiye da sau uku.

Ana gane tamowa da awon damtse ga yara 'yan wata 6 zuwa 59. Ƙasa da santimita 11.5, wato ja a jikin ma'aunin, tamowa ce mai tsanani. Tsakanin 11.5 da 12.5, rawaya, matsakaiciya ce. Idan ƙafafu biyu suka kumbura, aka danna da yatsa na daƙiƙa uku wurin ya lotsa bai dawo ba, wannan ma mai tsanani ce ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba, kuma asibiti za a nufa a ranar. Abincin gyaɗa na leda da ake bayarwa a can, mai giram 92 da kalori 500, magani ne da aka auna daidai da nauyin yaron da aka rubuta wa, ba a raba shi da 'yan'uwansa, ba a dama shi da ruwa, kuma ba a dainawa sai ma'aikacin lafiya ya sake awo ya sallame shi.